Fashin Baƙi: Shin Haɗa Tuwo da Nama Yana Hana Abinci Narkewa?

Tambayar daga bakin Gwaggona ta fito, ran wata Asabar da hantsi a gidanmu na Ƙofar Marusa, tana zaune gaban kasko tana soya waken suya na garin kunun jikanta. An turo mata saƙon murya a WhatsApp. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, amma ya yi ta da ƙarfin gwiwa: wai duk wanda ya haɗa abinci mai gina jiki da mai sitaci a kwano ɗaya ya cuci cikinsa, domin sukari yana manne wa furotin, su ƙi narkewa, su ruɓe a hanji. Kada a ci tuwo da nama, kada a ci shinkafa da wake, kada a dama fura da nono. Ya rufe da cewa Turawa sun gwada a ɗakin gwaje-gwaje sun tabbatar.

"To kai da ka yi karatun abin, mi za mu ci ke nan?" in ji ta. "Mu da aka yaye mu da hura da nono?"

Na ce, "Gwaggo, fara sauke kaskon nan tukuna, waken ya soma duhu."

Ta ɗauka kauce wa tambayar na yi, alhali rabin amsar yana cikin kaskon. Gaskiya ne sukari yana manne wa furotin, kuma masana sun daɗe suna auna yadda hakan ke shafar narkewar abinci. Sai dai ba a kwanon cin abinci mannewar ke faruwa ba, kuma abin da gwajin ya nuna ya sha bamban da abin da mai saƙon ya ɗora masa.

Mannewar iri biyu ce

Furotin kamar carbi yake. 'Ya'yansa su ne amino asid, iri 20, an jera su a zare ɗaya sannan an dunƙule zaren. Jiki ba ya karɓar carbi a dunƙule. Sai an tsinke shi ɗai-ɗai, ko bibbiyu, ko uku-uku, kafin ya ratsa bangon hanji ya shiga jini. Daga cikin ashirin ɗin, tara jiki ba ya iya ƙera su da kansa, dole a abinci zai samo su. A riƙe sunan guda a cikinsu, laisin, domin za mu dawo kansa.

Masu tsinke carbin su ne sinadaran narkarwa da ake kira enzayim. A tumbi akwai fefsin, mai aiki cikin ruwa mai tsananin tsami. A ƙaramin hanji akwai tirifsin da 'yan'uwansa, waɗanda ke fitowa daga fankiriyas, wani sashe da ke kwance bayan tumbi. Kowanensu da gaɓar da yake yankawa, kamar mahaucin da ya san inda wuƙa ke shiga. Tirifsin, alal misali, ba ya yanka sai daidai inda ya tarar da laisin ko arjinin.

Sukari yana hawa wannan carbi ta hanya biyu. Ta farko halitta ce: jikin kaza, saniya ko tsiro shi da kansa yake ɗaura rassan sukari a wurare sanannu a jikin furotin, cikin tsari. Wannan shi masana ke kira gilaikofurotin. Farin ƙwai cike yake da shi, haka madara, haka yauƙin da ke shafe bangon cikinmu. Ƙaron da ake tsinta a jikin ɗakwara ma danginsu ne, sai dai a nan sukarin ne ya rinjaya, furotin ɗin ɗan kaɗan ne.

Ta biyu babu tsari a cikinta. Wuta, ko doguwar ajiya cikin zafi, ita ke sa sukari ya kama furotin duk inda ya samu, kamar ƙarangiya a bakin wando. Wani likita Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana wannan a 1912, kuma shi ne ke ba ɓawon burodi, tsire, ƙosai da soyayyar gyaɗa launinsu da ƙamshinsu.

Yadda ake gina ciki a kwalba

Ba yau aka fara neman leƙa cikin mai rai ba. A 1752 wani masani a Faransa, Réaumur, ya riƙa ɗura wa shirwa 'yan bututun ƙarfe masu huji da nama a ciki, in ta amayar ya duba abin da ya rage. A 1822 kuma bindiga ta fasa cikin wani saurayi, Alexis St. Martin, a Amurka. Raunin ya warke ya bar kafa, likitansa William Beaumont ya shafe shekaru yana zura abinci ɗaure a zare ta kafar, yana zarowa, yana rubuta abin da ya gani.

Daga baya aka koma kwalba, amma kowane ɗakin gwaji da nasa tsarin: wannan ya zuba enzayim da yawa, wancan ya bar abinci awa ɗaya, wani awa shida. Sakamako ya ƙi haɗuwa. Sai a 2014 wata haɗakar masana daga ƙasashe da dama mai suna INFOGEST ta fitar da tsari guda, ta sake gyara shi a 2019. Shi ne akasari ake bi yanzu.

Ga yadda yake. A niƙa abincin kamar an tauna, a gauraya shi da ruwan gishiri-gishiri da aka haɗa ya yi kama da yawu, a bar shi minti 2. Daga nan a ƙara ruwan tumbi na haɗi, a sauke ma'aunin tsami zuwa pH 3, a zuba fefsin, a yi ta juya kwalbar a hankali awa 2. Sannan a kashe tsamin zuwa pH 7, a zuba ruwan fankiriyas da ɗacin matsarmama, a ƙara awa 2. Duk wannan a ɗumin digiri 37, irin na jikin mutum. Lokaci-lokaci ana ɗiban ɗan samfur a tsayar da aikin enzayim a cikinsa, don a ga inda narkewar ta kai a wannan mintin. Yawancin enzayim ɗin daga cikin alade ake samo su saboda kamarsu da na mutum; mai karatu ya kwantar da hankalinsa, abin da ke kwalbar ba na ci ba ne, zubarwa ake yi.

Karanta sakamakon shi ne wurin da na fi so. Ana ɗiga samfurin a saman wani siririn faranti mai kama da daskararren kamu, a sakar masa lantarki. Ƙananan gutsattsari su ruga ƙasa, manya su maƙale a sama. In aka rina farantin da shuɗi sai layuka su fito kamar matakan tsani. Furotin da ya narke, layinsa yana dusashewa daga samfur zuwa samfur har ya ɓace. Wanda ya yi taurin kai kuwa, layinsa na nan daram bayan awa huɗu. Inda ake da hali, sai a tura gutsattsarin cikin na'urar da ke auna nauyin kowanensu, ta faɗi daidai inda aka yanka da inda wuƙa ta kasa shiga.

To ta yaya za a san sukarin ne ya hana? Sai a raba furotin gida biyu. Kashi ɗaya a aske masa rassan sukari da wani enzayim na musamman, ɗayan a bar shi da kayansa, a narkar da su tare a kwatanta. Sau da yawa askakken yana riga ɗan'uwansa narkewa, domin rassan suna tsayawa kamar shingen ƙaya tsakanin enzayim da gaɓar da zai yanka. Daga nan ne mai saƙon muryar ya tsinci ƙwayar gaskiyarsa.

Shingen ba kullum ne cuta ba

Abin da bai faɗa ba shi ne, wannan shingen ne ke hana tumbi narkar da kansa. Yauƙin da ke bangonsa furotin ne da sukari ya lulluɓe, fefsin ba ya cin sa da sauƙi. Haka dakashi, nonon farko da wasu har yau suke matsewa su zubar: yana ɗauke da garkuwar jiki da wani furotin mai suna laktoferin, dukansu masu rassan sukari, kuma wani kaso nasu yana ratsa cikin jariri bai narke ba, ya isa hanji ya yi gadi. Da sun narke tun a tumbi, da sun zama abinci kawai.

Madara ma haka. Abin da ke riƙe ta a ruwa wani furotin ne mai gashin sukari da ke kewaye da dunƙulen kasin, babban furotin ɗin madara, yana hana su haɗuwa. In tsami ya kwantar da gashin, ka samu kindirmo. In enzayim ya yanke shi, ka samu cuku, aikin da Fulani ke yi da ruwan tumfafiya. Tumbi ma abin da yake yi ke nan, shi ya sa tumbuɗin jariri ke fitowa guda-guda. Ba lalacewa nonon ya yi ba, narkewa ya soma.

Sai ƙwai. Wanda ke zama teburin mai shayi da daddare ya san samarin nan da ke zuwa bayan motsa jiki, su fasa ɗanyen ƙwai biyu cikin gwangwanin madara su kaɗa su shanye, wai ya fi ƙara ƙarfi tun da wuta ba ta kashe amfaninsa ba. A 1998 masana a Leuven ta ƙasar Beljiyam sun auna wannan a jikin mutanen da aka yi wa aiki aka fito da ƙarshen ƙaramin hanjinsu waje, wato ana iya tattara duk abin da bai narke ba. Dafaffen ƙwai, jiki ya karɓi kimanin kashi 91 cikin 100 na furotin ɗinsa. Ɗanye, kimanin kashi 51. Wuta tana warware dunƙulen carbin ne ta buɗe wa enzayim hanya. Ga kuma abidin, wani furotin mai sukari a ɗanyen farin ƙwai da ke kama bitamin biyotin ya hana jiki shan sa, ga haɗarin ƙwayar cutar salmonela. Saurayin da ya sayi ƙwai biyu ya sha ɗanye, kusan kuɗin guda ya zubar.

Laisin, wuta da abin da takarda ba ta faɗa

Nan ne damuwata take. Laisin yana da wani hannu a sake a jikin carbin, kuma wannan hannun sukari ke fara kamawa in wuta ta yi yawa. Asara biyu ke nan a lokaci guda: tirifsin ya rasa gaɓar da yake yankawa, laisin ɗin da aka kama kuma ko ya shiga jini jiki ba zai gina tsoka da shi ba. Gero, dawa da masara dama can laisin ɗinsu kaɗan ne. Wake, waken suya, madara, kifi da nama su ne ke cike giɓin. Don haka in aka ƙona mai cike giɓin, yaron da ke shan kunun ya ƙoshi amma jikinsa bai samu abin ginawa ba.

Takardar da ke jikin buhu ba za ta nuna maka wannan ba. Gwajin da aka fi yi, wanda Johan Kjeldahl ɗan ƙasar Denmak ya ƙirƙiro a 1883, naitirojin kawai yake aunawa, a ninka shi da 6.25 a ce ga yawan furotin. Ƙonannen wake da wanda aka soya daidai, lamba kusan ɗaya za su bayar. Wannan raunin ne 'yan damfara suka bi a ƙasar Sin a 2008, suka zuba melamin mai yawan naitirojin a madarar jarirai don ta ci gwaji. Yara kusan 300,000 suka kamu da ciwo, aƙalla shida suka rasu.

Ko gwajin da ke ƙirga amino asid ɗai-ɗai yana iya ruɗar mai shi. Ana dafa samfurin ne cikin asid mai ƙarfi a digiri 110 na tsawon awa 24, kuma a wannan dahuwar wani kaso na laisin ɗin da sukari ya kama yana kuɓucewa, a ƙirga shi a matsayin lafiyayye alhali a cikin mutum ba zai kuɓuta ba. Shi ya sa masu binciken madara ke neman wata alama mai suna furosin, wadda ke tona yawan laisin ɗin da aka kama. Shi ya sa kuma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawara a 2013 a koma auna ingancin furotin da abin da ya narke na kowane amino asid a ƙarshen ƙaramin hanji.

Wannan ba zancen littafi ba ne a jihar Katsina, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta saboda tamowa a watanni shida na farkon 2025. Iyaye mata da yawa garin da ake kira Tom Brown suke haɗawa, hatsi da waken suya da gyaɗa, kuma haɗi ne mai kyau ƙwarai. Waken suya dole ya sha wuta, domin ɗanyensa yana da sinadarin da ke ɗaure tirifsin, wuta ce ke karya shi. Amma akwai iyaka, kuma masu haɗa abincin kaji sun san ta da kyau: wanda bai soyu ba yana hana kaza girma, wanda ya ƙone ma haka. Madarar gari ta awo ita ma abin lura ce. Tana da sukarin nono da laisin wuri ɗaya, in buhu ya daɗe a shago cikin zafin bazara, musamman in ya sha danshi, mannewar tana ci gaba ko babu wuta. Madarar da ta dunƙule ta koma ruwan ƙasa-ƙasa ta rage daraja.

Taurin kan dawa

Dawa tata matsalar daban ce. Furotin ɗinta, kafirin, yana ƙunshe cikin wasu 'yan ƙulli masu tauri da suka kewaye ƙwayoyin sitaci, kuma saɓanin ƙwai, dafa ta cikin ruwa ƙara ɗaure shi yake yi. Wani bincike da aka wallafa a 1981 kan ƙananan yara a ƙasar Feru ya samu jikinsu ya karɓi kashi 46 cikin 100 na furotin ɗin dawa, alhali na shinkafa 66 ne, na masara 73, na alkama 81. Gwajin kwalba da fefsin ya nuna abu guda, ya kuma nuna mafita: dawar da aka jiƙa ta yi tsami ta fi narkewa. Gasarar koko da kamu da iyayenmu ke bari su kwana su yi tsami, ashe aiki suke yi wa cikin yaro tun kafin ya sha.

To ina batun raba tuwo da nama?

Wannan ra'ayi ba sabo ba ne. Wani likita Ba'amurke, William Howard Hay, shi ya yaɗa shi tun shekarun 1920, bisa tunanin cewa sitaci da furotin ba za su narke a wuri ɗaya ba. Amma fankiriyas yana zubo masu narkar da sitaci, furotin da mai ne a lokaci guda, cikin ruwa ɗaya. Kuma ta yaya ma za a raba? Ƙwayar wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu furotin ce, fiye da rabinta dangin sitaci. Nonon uwa yana da furotin da sukari tare. Mannewar Maillard tana son zafi mai yawa ko lokaci mai tsawo. Ba ta samun wannan a 'yan sa'o'in da loma ke yi a ciki. Iskar da wake ke sawa kuma daga wasu ƙananan sukari ne da ba mu da enzayim ɗinsu, ƙwayoyin babban hanji ke cinye su. Ko shi kaɗai aka ci waken, hakan za ta faru.

Wanda ya bi saƙon nan ya cire wake daga shinkafa, ko nono daga fura, ya raba hatsi da abin da ke cike masa giɓin laisin. Mai hali zai rama da nama da daddare. Talaka da 'ya'yansa su ne za su kwana a ciki.

Inda masana ba su daidaita ba

Akwai muhawara ta gaske kan abin da ke biyo bayan mannewar in ta yi nisa, wato sinadaran da ake taƙaita sunansu da AGE, masu yawa a gasasshe da soyayyen abinci. Wasu masana, irin su Helen Vlassara a birnin New York, suna ganin yawan cin su yana ƙara kumburin cikin jiki, yana kuma tsananta ciwon sukari da na ƙoda. Wasu suna cewa kaso kaɗan ne ke shiga jini, lafiyayyar ƙoda tana fitar da wani, kuma gwaje-gwajen da aka yi kan mutane ƙanana ne. A ganina mai ciwon sukari ko na ƙoda ya rage soye-soye da gashi ya ƙara dafaffe, ba zai yi asarar komai ba. Amma cewa tsinken tsire guda guba ne, hujjar ba ta kai nan ba.

Kada kuma a haɗa wannan da gwajin HbA1c da ake yi a asibiti. Shi ma sukari ne ya manne wa furotin, amma a cikin jini abin ya faru, daga sukarin jinin mutum, kuma yana nuna halin da aka kasance a watanni biyu zuwa uku da suka wuce, daga 6.5 zuwa sama ana ɗaukar sa alamar ciwon sukari. Ba kilishin jiya yake aunawa ba. Mai sikila ko ƙarancin jini ya faɗa wa likita, domin suna iya karkatar da sakamakon.

Ita kanta kwalba tana da iyaka. Ba ta taunawa, ba ta tsotse abin da ya narke, ba ta da ƙwayoyin hanji, kuma tsarin da na bayyana cikin baligi lafiyayye yake kwaikwayo, ba na jariri ko yaro mai tamowa ba. Enzayim ɗin dabba ma ba kullum yake yin halin namu ba: obomukoid, wani furotin na farin ƙwai, yana ɗaure tirifsin ɗin saniya da na alade, amma bai cika tasiri kan na ɗan'adam ba. Duk da haka, don a kwatanta garin kunu biyu, ko daddawar kalwa da ta waken suya, ko kilishi da dambun nama, kwalba ta wadatar, kuma kayan aikinta ba su fi ƙarfin sashen nazarin sinadaran jiki a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ta Dutsin-Ma ba: tukunyar ɗumama ruwa, ma'aunin tsami, enzayim da wutar lantarki mai tsayawa awa huɗu. Ina so in ga ɗalibanmu sun wuce faɗin yawan furotin a abincinmu, su riƙa faɗa mana nawa ne ke narkewa, da kuma minti nawa a kasko ya isa.

Gwaggo dai ta zuba waken a faifai, ta tsince waɗanda suka yi baƙi ta ware gefe. Kasko na biyu ta rage itace, ta riƙa juyawa ba tsayawa, ta sauke shi yana ruwan zuma, ɓawon yana fita in an murza, ƙarnin ɗanye ya tafi. Ta ɓare guda ta miƙo mini ta ce, "Ɗan nan, duba cikin, haka ya yi?" Cikin ya soyu har tsakiya, bai yi duhu ba. Na ce haka ya yi. Ta aika a sayo nono, aka dama hura.